Mushen Mota a Kan Tebur

A ɗakin da nake duba takardun ɗalibai, daura da taga, akwai wani falankin katako mai tsawon santimita 60 da faɗin 40. A bisansa na shimfiɗa guntuwar hanya ta kwalta, da gangare na jar ƙasa, da tumfafiya guda biyu. A ƙasan gangaren wata ƴar mota ce kwance a kan gefenta na dama, tsawonta santimita 23, ba tayu, ba gilashi, ba tampol, tsatsa ta cinye rabin fentinta. Duk baƙon da ya shigo sai ya sunkuya ya ƙura mata ido, ya yaba, sannan ya yi mini tambayar da kowa ke yi: «Mushe, tun da ka iya wannan aiki, me ya hana ka ƙera sabuwa fil?» Ɗalibaina kuwa, da yake yaro ba ya rasa abin dariya, tuni suka laƙaba mini suna Mushe mai mushe, wato malami mai mushen mota. Ban taɓa hana su ba, domin ba su yi ƙarya ba. Tambayar baƙi ce dai ban taɓa amsawa yadda ya kamata ba. Nakan yi murmushi in sako wata magana. Yau nake so in biya wannan bashi.

A Tasawa na tashi, a ƙarshen shekarun 1980. A wancan zamani duk yaron unguwa yana da mota, kuma shi ya ƙera abarsa. Sana'ar tana da azuzuwa kamar lakwal. Ajin farko shi ne motar kara: bayan girbi mu tsinto karan dawa, mu ɓare ɓawon, mu yanka totuwar gunduwa-gunduwa, mu soke su da siraran ɓawon har su zama gida, mu goga sakaina a kan dutse ta yi kewaye ta zama taya. Irin wannan ba ta kwana uku, ko akuya ta tauna ta, ko ƙane ya zauna a kanta. Aji na biyu motar gwangwani ce, ta gwangwanin sardin da marafan kwalba, ana ja da zare. Ajin ƙarshe, wanda ba kowa ke kaiwa ba, shi ne motar waya: a lanƙwasa waya ta fitar da ƙirar mota, a ɗaure gaɓoɓin da tsagin robar tayar keke, a yanko tayu daga tsohon silifa, a yi mata dogon sitiyari har cibiya, yadda in ka murɗa hannu tayun gaba su juya da gaske.

A unguwarmu babu wanda ya kai yayana iya motar waya. Shi ne ɗan farin Innarmu, ya girme ni da shekara shida. Koyarwarsa ba ta da yawan magana. In na kawo masa abin da na ƙera, sai ya juya shi ya ce: «Wace mota ce wannan?» In ce mota ce kawai. Ya ce: «Babu mota kawai. Akwai Berliet, akwai Saviem, akwai Toyota, akwai kat-san-kat. Koma tasha ka gano.» Sai in tafi in tsuguna a gindin motocin da ke lodi, in ƙirga tayu, in ƙirga ƙarafan sifirin, in duba inda fitila take da inda ake rataya tayar safiya. Na yi shekaru a makarantu bayan haka, amma ban sami malamin da ya ba ni umurnin da ya fi wannan amfani ba: koma ka gano.

Da jarrabawar shiga kwaleji ta ƙi shi, sai ya zama apranti a wata Peugeot 404 mai buɗaɗɗen baya, irin wadda muke kira kat-san-kat bashe. Yaran yanzu ba su san darajar wannan mota ba. An fara ƙera 404 a Faransa a 1960, ta ci tseren Safari na gabashin Afirka har sau huɗu, a 1963 da 1966 da 1967 da 1968, aka ci gaba da harhaɗa ta a Kenya har 1991, shekaru bayan Faransa ta daina. A ƙasarmu ita ce jakin kasuwanni. Takan ɗauki buhunan gero da tumaki da mutum ashirin, apranti kuma yana maƙale a ƙofar baya, ƙafa ɗaya a kan ƙarfe, hannu ɗaya a sandar tampol, ɗayan riƙe da guntun itacen da ake tokare taya da shi in an tsaya. Haka yayana ke wucewa ta bakin lakwal ɗinmu, yana ɗaga mini itacen nan, ni kuwa ina jin babu wanda ya fi ni ɗan'uwa a duk Tasawa.

A watan Janairu na 1994 aka karya darajar kuɗin sefa. Faran ɗaya na Faransa da ake canzawa sefa 50 ya koma 100. Manya sun yi ta bayani a rediyo, amma a tasha ma'anar abin ɗaya ce: duk abin da ke zuwa daga waje, taya da batir da kayan gyara, kuɗinsa ya tashi, fasinja kuwa bai ƙara arziki ba. Masu motoci suka shiga lallaɓa tsofaffin tayu, a yi faci a kan faci. Wata Juma'a a cikin bazarar shekarar, ranar kasuwar Maraɗi, motarsu na dawowa da rana tsaka, kwalta ta yi zafi, tayar gaba ta fashe tsakanin Gazawa da Tasawa. Mutum biyar suka rasu. Yayana na cikinsu, yana da shekara goma sha tara, ni ina da goma sha uku.

Ba a ɗauke motar ba, domin babu abin da ya rage da zai biya kuɗin janye ta. Mai ita ya kwance inji da kujeru, masu wucewa suka ƙarasa sauran. Gangar jikin ta zauna a nan gefen hanya. Da na shiga lise a Maraɗi, sai ya zama duk hutu ina wuce ta sau biyu, tafiya da dawowa, haka kuma lokacin da nake jami'a a Yamai. Tun daga nesa nakan gane wurin, in sunkuyar da kai ko in juya fuska ɗaya gefen har mu wuce. Na fi shekara goma ina wannan kauce-kauce. Ana nan sai kasuwar tsohon ƙarfe ta buɗe, masu saye suka bi ƙauyuka da amalanke da sikeli. Wata rana a 2007 na ɗaga kai ba shiri, na tarar babu komai a wurin sai ciyawa. A ranar na gane abin da na yi wa kaina. Ban san a wane gefe ta kwanta ba. Ban san ko gabanta na duban Tasawa ko Maraɗi ba. Ƙanen wanda ya ce koma ka gano ya wuce wurin sau da yawa bai gano ba.

Tun kafin wannan rana na san cewa ƙera ƙananan motoci ba wasan yara kaɗai ba ne. Ina ɗalibi a Yamai nakan je Gidan Tarihi na Ƙasa, wanda ke ɗauke da sunan Bubu Hama, in tsaya gaban busasshen itacen Tenere. Shi ne itacen da ya rayu shi kaɗai a tsakiyar hamada har wata babbar mota ta buge shi a 1973, aka kwaso gawarsa aka gina mata rumfa. A nan na fara tunanin cewa abin da ya karye ma ana iya ajiye shi don a gani. A ɗakin karatu na cibiyar al'adu ta Jean Rouch kuma, kamar yadda ake kiranta a lokacin, na ci karo da mujallun masu wannan sha'awa a Turai. Dattawa ne da furfura, suna sayen mota a kwali gunduwa-gunduwa daga kamfanoni irin su Heller na Faransa da Tamiya na Japan, su harhaɗa, su fenta. Abin da suka ƙera suna kiransa maquette, in kuma an yi masa fili da ƙasa da itatuwa ya zama diorama. Komai nasu da ma'auni: 1/24 na nufin kowane tsawo an raba shi gida 24, wanda a awon Ingilishi ya zo daidai da rabin inci a madadin ƙafa guda, 1/43 kuwa, ma'aunin ƴan motocin Norev da Solido, daga ƙananan jiragen ƙasa na wasa aka gaje shi. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne wasunsu sukan gama mota tsaf, sannan su zauna su tsofar da ita da gangan, su loɓa ta, su sa mata tsatsa. A lokacin na ɗauka ƙoshi ne ya yi musu yawa.

Sai a 2020, da aka rufe makarantu saboda annobar korona, na sami kaina a gida ba aji ba alli, na ce bari in gwada. A Maraɗi babu inda za ka sayi kat-san-kat bashe a kwali, saboda haka na koma hanyar yayana, na haɗa ta da lissafin mutanen mujalla. Na ari metir ɗin tela, na tafi wani garaji a bayan gari inda wata tsohuwar bashe ke zaune kaji na ƙwai a cikinta. Kwana uku ina awo ina rubutawa, makanikai na kallona suna ƙus-ƙus. Na zaɓi ma'aunin 1/20 don sauƙin rabawa: kowace mita ta zama santimita 5. Ƙashin motar na yi shi da waya kamar dā. Fatar jikin kuma na yanko ta daga gwangwanin madara da na lemo, domin roba ba ta loɓewa yadda ƙarfe ke loɓewa; in kana son lanƙwasar ƙarfe, sai ka ba ƙarfe aikin. Wani mai ƙera fitilun gwangwani a kasuwa ya koya mini liƙi da dalma, ya ƙi karɓar ko dala.

Ma'auni ba ya sassauci. Ranar da na barbaɗa yashi a kan falankin sai na ga motar kamar ta faɗa cikin duwatsu, domin ƙwayar yashi mai milimita ɗaya, in an ninka ta sau 20, ta zama tsakuwa mai santimita 2. Dole na daka jar ƙasa a turmi, na tankaɗe ta da tsohon ɗankwali, na kafe ta da ruwan ƙaro. Kwalta na yi ta da takardar goge katako wadda na shafa wa toka. Tsatsa kuwa na bi dabarun mujallu: a jiƙa soson ƙarfe na wanke tukunya a binegar kwana biyu ya ba da ruwan tsatsa na gaske, a shafa launin tsatsa a ƙasa, a yayyafa gishiri a kan danshi, a fenta launin mota a bisa, in ya bushe a kakkaɓe gishirin, fenti ya fito a ɓaɓɓare kamar na shekara ashirin.

Na bi duk wannan, na gama, na ja da baya na duba. Mota ta yi kyau, amma ba tamu ba ce. Na kai ta garajin nan na nuna wa babban makanike. Ya juya ta, ya ce: «Malam, wannan a cikin ruwa ta mutu?» Gaskiyarsa. Na kwaikwayi tsatsar ƙasashen da ake ruwa rabin shekara, inda ƙarfe ke ruɓewa daga ƙasa, tsatsa ta yi ja tana zuba, gansakuka ta hau. Ya kama hannuna ya zagaya da ni bayan garajin. A ƙasarmu rana ce ke fara cin mota, daga sama: rufi da murfin inji su koɗe su yi fari kamar alli tun ƙasan bai taɓu ba. Iskar hunturu mai tasowa daga arewa maso gabas ta goge gefen da ke fuskantarta da rairayi har ƙarfe ya yi santsi. Tsatsarmu busasshiya ce, baƙi-baƙi, kamar ƙanzon tuwo. Damina wata uku zuwa huɗu ce, sai ta bar siraran layuka daga kowace ƙusa zuwa ƙasa. Ƙasa ta taru a gefe guda, tumfafiya ta tsiro ta inda inji yake dā, awaki su mai da inuwar wurin hutawa. Duk wannan yana gabana tun ina yaro, na tsallake shi na tafi aron tsatsar wasu. Na kankare fentin duka na sake daga farko.

Saura abu ɗaya da garaji ba zai gaya mini ba, wato yadda ta kwanta. Mutum ɗaya na sani da zai iya faɗa, shi ne direban. Ya rayu, da ƙafa ɗaya da ta ƙage. Shekara ashirin da shida babu wanda ya yi masa magana a gidanmu. Ba a taɓa cewa an yi gaba da shi ba, an dai daina bin layin da yake zama. Na yi mako biyu ina jinkiri, sannan na naɗe motar a tsumma na shiga mota zuwa Tasawa.

Na same shi a bakin tasha, a kan benci, ya tsufa ƙwarai. Na gaishe shi na faɗi ɗan wanda nake. Ya yi shiru har na zaci bai ji ba, sannan ya matsa ya ba ni wuri. Na kwance tsumman. Ya karɓi motar da hannu biyu, ya daɗe yana shafa ta da babban yatsa. Na ce: «Baba, so nake in san yadda ta kwanta.» Bai tambaye ni dalili ba. Ya share ƙasa da tafin hannu, ya ja layi ya ce wannan ce hanya, nan gabas, nan yamma. Ya kwantar da ita a kan gefen dama, gabanta na duban Maraɗi, inda ta fito, domin ta juya sau biyu kafin ta tsaya. Ya nuna mini cewa loɓawar da na yi wa rufin ta yi yawa, ta ƙofar kuma ta yi kaɗan. Sannan, ba tare da ya dube ni ba, ya ce: «Ɗana, na ga tayar nan da safe. Na gaya wa mai mota, ya ce a lallaɓa zuwa mako mai zuwa. Na iya cewa ba ni tuƙawa. Ina da ƴaƴa shida, ban ce ba.» Ya ce yayana ma ya gan ta, ya buga ta da itacen tokare ya girgiza kai, ya hau.

Na zo da tambaya ɗaya, na sami amsar wadda ban yi ba. Duk shekarun nan, in an ce ƙaddara, nakan ji kamar an rufe maganar. In kuma na tuna direban, nakan ji kamar shi kaɗai ne maganar. A kan bencin nan na ga abin dalla-dalla: taya mai faci, da kuɗin da aka karya a wani taro a Dakar, da mai mota mai lissafin mako, da uba mai ƴaƴa shida, da saurayi mai tsoron a ce ya cika tsoro. Imani da ƙaddara bai hana a ƙirga waɗannan ba. Na ce masa Allah ya yafe mana baki ɗaya. Ya ce amin, ya riƙe hannuna bai saki da wuri ba.

Da na dawo na gyara loɓawar yadda ya nuna, na kafe motar a gurbinta. Wani abokin aikina, malamin Larabci, ya tambaye ni ko zan sa mutane a ciki. Ya tuna mini cewa malamai sun bambanta tsakanin siffanta abu mai rai da marar rai, mota da itace babu laifi, mutum kuwa akwai magana. Na ce ya kwantar da hankalinsa, ban yi niyya ba. Ko ba don wannan ba, hannuna ba zai iya ba. Abin da na sa kawai shi ne ɗan guntun itace, bai kai ƙwayar wake ba, a gefen kwalta, nesa kaɗan da motar. Baƙi ba sa lura da shi.

Inna ta lura. Ta zo Maraɗi ganin likita a ƙarshen shekarar, ta sauka wurina. Na yi niyyar ɓoye falankin, na manta. Innarmu mutuniyar dā ce: ba ta taɓa kiran sunan ɗan farinta ba, yana raye ko bayan ransa, sai dai ta ce «yayanku». Ko a kwanakin zaman makoki ban ga hawayenta ba. Ta tsaya a gaban teburin, ta daɗe, ta miƙa yatsa ta taɓa guntun itacen. Ta ce: «Da ƙirya ya sassaƙa shi, ba da wannan farin icen ba.» Sannan ta cire mayafinta ta lulluɓe falankin duka, ta ce: «Mamaci addu'a yake so, ba kwatance ba.» Ban yi mata musu ba, domin gaskiya ta faɗa. Yayana ba ya bukatar wannan abu. Ni ne mai bukata, ni da na ƙi dubawa lokacin da abin dubawa yake nan. Har ta koma Tasawa mayafin na kai. Bayan tafiyarta na nemo ƙirya na sake guntun.

Yanzu sau ɗaya a shekara nakan ɗauki falankin zuwa aji, ranar darasin siffantawa. Duk malamin da ya taɓa gyara rubutun ɗalibai ya san ciwon da nake nufi. Ka ce yaro ya siffanta garinsu da Faransanci, ya kawo maka sanyin ƙanƙara da itatuwan da bai taɓa gani ba, domin su ya tarar a littafi. Ka ce ya yi da Hausa, ya jero maka karin magana biyar bai faɗi launin ƙofar gidansu ba. Tsatsar aro ce, irin wadda na fara yi. Nakan ajiye motar a tsakiya, in ce kada wanda ya rubuta komai sai an yi minti goma ana kallo. Daga nan tambayoyi: daga ina iska ke busowa a wannan wuri? Damina nawa ta yi a nan? Me aka kwance da sufana, me aka fizge da ƙarfi? Sai ka ga yaron da bai taɓa ɗaga hannu ba yana gardama a kan ƙusa. Rubutun da ke biyo baya, da kowane harshe aka yi shi, ya fi na sauran shekara gaskiya. Kuma kusan kowace shekara akwai wanda zai tsaya bayan an tashi, ya ce shi ma akwai wata mota a wata hanya.

Shekara biyu da suka wuce wadda ta tsaya yarinya ce. A zamaninmu ƴan mata ba su ƙera mota, ƴar tsana suke yi. Ta ce in koya mata yadda ake tankaɗe ƙasa. Bayan wata guda ta kawo nata falankin: rairayi fari fat, ba hanya, ba itace, da babbar mota a tsaye a kan tayunta, babu loɓawa ko ɗaya, murfin inji kaɗai ke buɗe, ga jarkoki a warwatse ba marafai. Na ce mata ai wannan ba ta yi hatsari ba. Ta ce: «Mushe, lalacewa ta yi.» Iyayenta mutanen Kance ne. A watan Oktoba na 2013 aka tsinci gawarwakin mutum 92 a hamada, arewa da Arlit, kusa da iyakar Aljeriya, 52 daga cikinsu yara, bayan motocin da suka ɗauko su sun lalace ƙishirwa ta kashe su. Da yawansu daga yankin Kance suka fito. Gwaggonta na ciki. Yarinyar ba ta taɓa ganin wurin ba, ba kuma za ta gani ba. Ta bi tsofaffin gidansu da tambaya, ta je tasha ta auna babbar mota da igiya. Ban sami abin gyarawa a aikinta ba.

To, ga amsata ga baƙi. Sabuwar mota kowa ya san kamarta, kamfani ya riga ya buga hotonta, duk ɗaya suke ranar da suka fito. Mushen mota kuwa babu biyu masu kama ɗaya, kuma ba ya ƙeruwa sai ka san abin da ya same shi: wace taya, wane gefe, wace iska, shekara nawa. Wanda zai ƙera shi dole ya je ya duba, ya tambayi wanda ba ya son tambaya, ya ji abin da bai shirya ji ba. Hanyoyinmu cike suke da irin waɗannan gawarwaki, daga Ƙonni zuwa Damagaram, daga Tawa zuwa Agadas, muna wuce su muna kau da kai har masu sikeli su zo su kwashe. Ni dai na ajiye guda a inda idona zai riƙa faɗawa kanta kowace safiya.

Direban ya rasu bara. Na je jana'izarsa, na tsaya a sahu ɗaya da ƴaƴansa. Allah ya jiƙansa, ya jiƙan yayana da waɗanda suka tafi tare da shi, da duk wanda hanya ta riƙe bai kai gida ba.